Aljani ya shiga jikin aminiya: ta bakin wa za a ba da labarin?

Wata 'yar uwa tana rubuta labarin ban tsoro: aminai biyu tun yarinta, aljani ya shiga jikin ɗaya. Tambayarta ita ce, ta bakin mai lafiyar za ta ba da labarin ko ta bakin wadda aka shiga jikinta?

'Yar uwa, idan ta bakin mai lafiya ne, tsoron daga sabo yake fitowa. Ita kaɗai ta san ƙawarta bahaguwa ce, kuma ba ta iya barci sai fitila na kunne. Daren da ta tarar da ita zaune cikin duhu tana zuba rubutu da hannun dama, gabanta zai faɗi, na mai karatu ma haka, alhali iyaye ba su ga komai ba. Sai dai wannan yana buƙatar shiri. A littafi mai babi 20, ki ba amincinsu babi 4 ko 5 kafin alama ta farko. Ɗabi'u uku sun isa, ki riƙa rushe su ɗaya bayan ɗaya, ki bar mafi ciwo a ƙarshe.

Ta bakin wadda aka shiga jikinta kuwa, tsoron na rashin iko ne. Tana ji bakinta na tona asirin aminiyarta a bainar jama'a, ta kasa rufe shi. Ta farka da ƙasa cikin farce, awa shida sun shuɗe ba ta san inda ta je ba. Akwai ɗaga hankali, amma ba ya nisa. Tauraruwar ta koma 'yar kallo, kuma in aka jera babi uku na "na farka ban san me ya faru ba", mai karatu ya gaji. Babbar illar ita ce tun shafin farko mun san ba laifinta ba ne, to ina jarrabawar?

A nan hanya ta farko ta yi fintinkau. A littafin The Exorcist na William Peter Blatty, wanda ya fito a 1971, uwa ce ke fafutukar ceto 'yarta, ba mai tambayar abin da ya hana ta guduwa. Aminiya fa? Ƙofa a buɗe take. Saboda haka kowane babi ki ba ta sabon dalilin tafiya. Makamin aljanin ya zama abin da suka ɓoye wa kowa, kuma maganarsa ta kasance da ƙamshin gaskiya, kamar tsohuwar hassada ko alkawarin da aka saɓa. Sai ta kwana tana saƙe-saƙe: shi ne ke magana, ko dama abin na cikin ƙawata? Wannan kokwanton ba ya samuwa sai a bakin mai lafiya.

Ita ma hanyar tana da ramuka biyu. Kada ki mai da ita waliyiya. Wajen babi na 13 ko 14 ki bari ta tsere, ta kashe waya, sannan ta dawo da kunya. Kuma ranar fitar da aljanin, in masani ya zo ya gama komai tana raɓe a bango, amincin ya tashi a banza. Dole a buƙaci abin da ita kaɗai ke da shi, ko da sunan tsokana ne da ba wanda ya sani sai su biyu.

Shawarata, ki riƙe bakin mai lafiya, ki sako shafuka huɗu daga littafin sirrin ɗayar. Na farko cikakken shafi, na biyu rabi, na uku layi uku. Na huɗu sunan aminiyar kawai, da rubutun hannun da ba nata ba.