Shagon wani tsohon soja mai duba injin ban ruwa a Zariya

Da noman rani ya gabato, na kai injin ban ruwana, ƙirar Honda mai bakin inci 3, wurin wani tsohon soja da ya yi aiki a sashen injiniyoyi kafin ya yi ritaya ya buɗe shago. Bai taɓa injin ba sai da ya tambaye ni awa nawa ya yi yana aiki tun juyen mai na ƙarshe, domin ƙa'idarsa, wadda ya ce da ita suka saba a bariki, ita ce a sauya baƙin mai duk bayan awa 100, ba sai injin ya fara hayaƙi ba.

A gabana ya kwance fulogi ya goge baƙin da ya taru a kansa, ya wanke matatar iska, sannan ya buɗe cikin famfon ya nuna mini yadda yashi ya fara cin farfela saboda sakacin da na yi da rariyar bakin tiyo. Ya gargaɗe ni kada in ƙara tayar da injin ban cika famfon da ruwa ba, domin hakan ke ƙona sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo daga cikin famfon.

Ba ya gaggawa, kuɗinsa kuma ya ɗara na sauran makanikai, amma na gamsu, musamman da ya rubuta duk abin da ya yi a kati ya ɗaura wa injin, har da ranar da zan komo.