Memorin jawaban Seyni Kunce da ake turawa a kasuwar Maradi

A rumfunan masu tura wa'azi da waƙoƙi cikin waya, nan babbar kasuwa, ana samun memori mai ɗauke da jawaban marigayi Janar Seyni Kunce, tsohon shugaban mulkin soja na Nijar. Wanda na saya an rubuta giga 8 a jikinsa, jika biyu da rabi har da turi. In ka zo da naka memorin, dala ɗari ake karɓa. Fayil 43 ne a ciki, sauraronsu duka bai wuce awa shida ba.

Tun daga nan a lura: awa guda ta magana a mp3 mai ingancin 64 kbps ba ta kai mega 30 ba, ke nan duk abin bai cika mega 200 ba. Tsohon memori mai giga 2 ya ishe ka, kuma ya fi sabon da ba ka san asalinsa ba, don akwai na jabu da ke nuna giga 8 alhali cikinsa bai kai rabi ba. Kafin ka bar rumfa ka buɗe fayil na farko, na tsakiya da na ƙarshe, ka ja kowane zuwa kusan ƙarshensa. A na jabu, in fayilolin sun fi ƙarfin cikinsa, wasu za su ƙi buɗewa.

Matsala ta biyu ta masu ƙaramar rediyo mai cin memori ce, irin wadda dattawa ke ratayawa a majalisa. Goma sha ɗaya daga cikin fayilolin an kwaso su ne kai tsaye daga WhatsApp, nau'in opus ne, kuma yawancin waɗannan rediyoyi mp3 suke karantawa. Waya za ta buga su, rediyo ta tsallake kamar babu su. Ka ce wa mai rumfa ya juya su mp3, ya yi wa memorin fomat ɗin FAT32 kafin turi. Ƙarar murya ma ba daidai take ba. Wani jawabin sai ka manna kunne, na bayansa ya daka maka tsawa, saboda an kwafe su daga kaset daban-daban ba a daidaita ba.

Wanda ya fi kowane tsabta shi ne sanarwar 15 ga Afrilu 1974, ranar da soja ƙarƙashin Kunce suka kifar da shugaban ƙasa Jori Hamani. Da Faransanci take, gajera, kuma a cikinta ne ya zargi mulkin shekara 15 da zalunci, cin hanci, son kai da halin ko-in-kula da talaka. Wanda ya saurare ta da natsuwa zai gane daga ina tunanin mutumin ya taso. Soja ne tun 1949, ya yi aiki ƙarƙashin Faransa a Indocin (yankin Vietnam) da Aljeriya, ya zama babban hafsan sojan Nijar a 1973. A wurinsa ƙasa kamar bariki take: kowa da wurin tsayuwarsa, kowa da abin da za a tambaye shi in gari ya waye. Daga nan aka samu zuwan ba-zata da yake yi ma'aikatu da sassafe don ganin wa ya makara, da farfaɗo da ƙungiyar Samariya ta matasa don aikin gayya, da dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta.

Inda memorin ya gaza shi ne yanka. Fiye da rabin fayilolin guntaye ne na minti biyu ko uku, babu shekara, babu wuri, sunansu kawai "Kunce 7", "Kunce 8". Kuma duk gefe guda aka yanko: faɗa ga ma'aikaci malalaci, kira ga talaka ya tashi ya nemi na kansa. Mai sauraro sai ya ɗauka mutumin ya ɗora wa talaka komai ne gwamnati ta naɗe hannu. Ba haka tsarin yake ba. Hujjar juyin mulkin nasa ita ce yunwar da ta biyo farin 1973 da yadda cimakar agaji ta riƙa salwanta, don haka abin da ya fara kamawa shi ne raba hatsi da cika rumbunan OPVN, ma'aikatar cimaka ta ƙasa. Yana neman da'a daga mutane ne bisa cewa gwamnati ta riga ta ɗauki nauyin cikinsu.

Mu ƴan Maradi mun fi kowa bukatar wannan ɓangaren, ga shi babu ko fayil ɗaya a kan 1984. A shekarar damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyakarta tun Afrilu, kasuwancin da ke bi ta Dan Isa zuwa Jibiya ya tsaya, har yau dattawa na kiran yunwar El-Buhari. Kuɗin yuraniyom ma sun riga sun ja baya. A nan garin aka yi taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayu, kuma a lokacin ne aka matsa wa kowa ya shiga noman rani a fadamu da bakin rijiyoyi. Duk wanda ke son jin abin da Kunce ke nufi da juriya, nan ya kamata ya leƙa.

Ɗaya gefen ma shiru: an jingine tsarin mulki, an rushe majalisa, an hana jam'iyyu, Jori ya yi shekara shida a tsare kafin a maida shi ɗaurin talala. Ba za ka ji wannan a bakin mai jawabi ba, amma mai haɗa memorin zai iya ƙara ko takarda ɗaya mai jerin shekaru har zuwa rasuwarsa a Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987.

Fassarar Hausa tana kan fayil tara kacal, kuma a uku an ɗora muryar mai fassara bisa ta Kunce har ba ka jin ko ɗaya sosai. Malamin lakwal mai koyar da tarihi zai amfana da sanarwar 1974 da dogayen jawabai huɗun da ba a taɓa ba, in ya sa musu shekara da kansa. Wanda bai jin Faransanci kuwa ya ce a tura masa shida masu kyau na Hausa kaɗai, kada ya biya kuɗin cikakken turi.