Tsohuwar Pioneer da na saya a wajen Ƙofar Ƙaura

Jama'a na daɗe ina son amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin ta da, wadda Baba yake kunna mana kaset da ita muna yara, to satin da ya wuce na faɗa wani ɗan shago wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, kayan gwanjo ne jibge har rufi, ƙura kam ba a magana.

Pioneer SX-780 na ɗauka, ƙirar 1978, ƙarfinta wat 45 kowane ɓangare, dama da hagu. Kar ku raina 45 ɗin nan, wallahi falona ko rabi ban murɗa ba maƙwabci ya leƙo. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, da na ce “Baba a jona mu ji” bai ɓata rai ba, ya bar ta ta yi zafi kusan minti 20, muka saurari dama daban hagu daban, maɓallin ƙara yana ɗan ƙarar-ƙarar amma datti ne kawai, ya fesa mai ya wuce.

Abin da ya kusa cin kuɗina shi ne wuta. Ku duba bayanta tukuna! Ta Amurka 120 take sha, ta Japan 100, tamu kuwa 230, ka jona kai tsaye sai hayaƙi, dole na ƙara da taransifoma mai rage wuta.

Sifikun mai shagon dai ban yaba ba, na cire murfin gaba na taɓa soson bakin sai ya marmashe a yatsana kamar ƙuli-ƙuli, kuma kuɗin da ya faɗa ya yi yawa. Na samo wasu masu om 8, ma'aunin da ya dace da amfilifayar, a wani wurin, rabin farashi.