Honda CR-V da Toyota RAV4: Wacce Ta Fi Faɗin Ciki da Daɗin Zama?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar iyalinsa daga Kano zuwa Abuja ya san cewa darajar mota tana bayyana ne a kujerar baya, inda gwiwa ke fara tsami bayan an wuce Zariya. A wannan fannin, CR-V ƙirar 2017 zuwa 2022 ta yi wa RAV4 ƙirar 2019 fintinkau, domin wurin miƙe ƙafa a bayanta ya kai inci 40.4, na RAV4 kuwa inci 37.8 ne. Ratar ba ta da yawa a takarda, amma dogon mutum mai babbar riga zai ji ta a jikinsa. Ƙofofin bayan CR-V suna buɗewa sosai, ta yadda dattijuwa za ta shiga ba tare da ta sha wahala ba, kuma tsakiyar daɓen kusan a shimfiɗe yake, don haka wanda ya zauna a tsakiya ba ya takura.

Kujerun RAV4 sun fi ɗan tauri, kuma a ƙananan samfuranta kujerar fasinja ta gaba ba ta sauka ƙasa, abin da ke damun mai tsayi idan ya sa hula. Sai dai RAV4 ta ɗan fi CR-V tashi daga ƙasa, wanda hakan ke da amfani a hanyar ƙauye lokacin damina. But ɗinsu, wato wurin zuba kaya, kusan ɗaya ne, ko da yake na CR-V ya ɗan ɗara. Ni dai, idan iyali zan ɗauka, CR-V zan zaɓa.