Darussan JustinGuitar: yadda na fara juya kod da kaina a jita

Masu tambayata a ina na koyi ɗan abinda nake kaɗawa a jita, toh amsar itace darussan JustinGuitar, kuma bari in faɗi ra'ayina tun farko: ga wanda yakeso ya fara ƙirƙirar kiɗa da kansa, ba wai ya haddace waƙoƙin mutane kawai ba, banga abinda ya fishi ba a cikin na kyauta. Mai darussan sunansa Justin Sandercoe, ɗan Ostareliya ne, ya buɗe shafinsa tun 2003, daga baya ya fara saka bidiyo a YouTube. Darussan shafin kyauta ne, manhajar waya ce ake biya. Ni da na kyautar nayi amfani.

Matakin farko da kod uku yake farawa (kod shine sautuka da yawa da ake kaɗawa tare a lokaci ɗaya), A da D da E, daga baya Am, Em, Dm, C da G su shigo. Akwai wani atisaye da yake bayarwa wanda wallahi shi ya gyaramin hannu: ka zaɓi kod biyu, ka saita agogo minti ɗaya, kayi ta sauyawa tsakaninsu kana ƙirgawa, ka rubuta adadin a takarda, gobe ka sake kaga ko ya ƙaru. Sannan yana koyar da barin yatsa ɗaya akan tsirkiya lokacin sauyi, misali daga D zuwa A zuwa E manuninka baya barin tsirkiya ta uku, zamewa kawai yake. Wannan sashen bazan daɗe akansa ba, duk malamin kirki zai koya maka makamancinsa, yatsu zasuyi zafi sannan suyi kanta, shikenan.

Inda abin ya fara daɗi shine mataki na biyu. A nan ne na gane cewa juya kod ba yawan kod ɗin da ka sani bane, yatsa ɗaya ne kake ɗagawa ko ka ajiye sai sautin ya canza gaba ɗaya. Ɗauki D. Idan ka ɗaga yatsan da ke firet na biyu (firet sune gurabun da ƙarafa suka raba a wuyan jita) a siririyar tsirkiya ta farko ka barta a buɗe, ka samu Dsus2. Idan kuma ka ɗora ƙaramin yatsa a firet na uku na wannan tsirkiyar, Dsus4 kenan. Hannun dama yana kaɗinsa yadda ya saba, hannun hagu yana ɗagawa yana ajiyewa, sai kaji wata ƙaramar waƙa tana fitowa daga saman kod ɗin wadda babu wanda ya rubuta maka ita, kai ka zaɓi inda zata hau da inda zata sauka. Kod ɗin A ma haka take, saidai ita a tsirkiya ta biyu ake wasan. Ranar da na fara jin wannan gaskiya raina yayi fari sosai, don a lokacin ne jitar ta fara faɗin abinda ke raina.

Akwai kuma wasu kod da ake kafe yatsan zobe da ƙaramin yatsa a firet na uku na siraran tsirkiyoyi biyu na ƙasa, basa motsi sam, sauran yatsu biyu ne ke yawo. Da wannan riƙon kana samun G, Cadd9, Em7, Dsus4 da A7sus4. Amfaninsa ga sabon ɗalibi babba ne, saboda sautuka biyu suna nan daram a kowane kod, duk yadda ka jera su zasu dace da juna, kaga tsoron kuskure ya ragu kenan, kuma mutum baya ƙirƙira idan yana jin tsoro. Nakan zauna da yamma in fara da Em7 in koma Cadd9 in daɗe a can in ƙi zuwa G sai kunnena ya matsu, washegari in juya jerin in fara da G inji yadda yanayin ya sauya daga kewa zuwa farin ciki da kod ɗin nan dai.

Dalilin da yasa suke dacewa ma yana da sauƙin ganewa in an bayyana maka. A makullin G, wato idan waƙa ta ginu akan sautin G, kod na ɗaya G ne, na huɗu C, na biyar D, na shida Em. Na ɗaya shine gida, na biyar kullum yana janka ka koma gida, na shida yana kawo sanyin jiki. Idan ka riƙe lambobin nan sai ka ɗauke su zuwa C, su zama C, F, G, Am, ko ka ɗaura kafo, wato ɗan matsen da yake danne tsirkiyoyi duka, a wuyan jita, kowane firet ɗaya yana ɗaga sautin da rabin mataki, hannunka bai canza komai ba amma ya dace da muryar mai waƙa. Daga nan na fara haɗa kod da kod da sautin ƙasa, G zuwa Em ta hanyar firet na biyu a tsirkiya ta shida, C zuwa Am ta firet na biyu a tsirkiya ta biyar. Ƙaramin abu ne amma duk wanda yaji zai ɗauka ka daɗe kana kiɗa.

Sai sikeli, wato jerin sautuka, mai sauti biyar, fentatonik. Nan fa inaso 'yan uwa su saurara da kyau, domin mu wannan ba baƙon abu bane a kunnenmu, yawancin kiɗan gargajiyarmu na garaya da molo da gurmi akan sauti biyar yake tafiya, haka ma jitar Buzaye ta Agadas irin wadda Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya, sau da yawa kod ɗaya ko biyu ne ake zama akai ana zagayawa. Na E maina, wato Em, sautukansa E, G, A, B, D, kuma abin mamaki duk tsirkiyoyin jita shida idan ka kaɗa su a buɗe suna cikinsa, tunda saitin E A D G B E ne. Toh sai ka riƙe Em, ka kaɗa sau biyu, ka saki ka taɓa sauti uku ko huɗu daga sikelin, ka dawo kan kod ɗin kafin bugun ya wuce. Shi Justin ta hanyar bulus, wani salon kiɗan Amurka, mai gaɓa 12 yake shigo da wannan, da A7, D7 da E7, kuma yana da kyau a koya, amma ni da na fara rera amshin waƙoƙin biki da na taso inaji ina nemansu a tsirkiya, abin yafi saurin zama a hannuna nesa ba kusa ba.

Abinda ya kamata mutum ya sani kafin ya fara: darussan da Turanci suke, kuma waƙoƙin da ake misali dasu na Turawa ne, don haka namu kai zaka nemo da kunnenka. Turancin nasa a hankali yake yinsa, kyamara kuma tana nuna yatsu kusa, ko baka ji kowace kalma ba zaka iya bin hannunsa. Data tana tafiya in kana kallo kullum, ni nakan rage ingancin bidiyon, in kalli darasi ɗaya in zana hoton kod ɗin a littafi in kashe wayar. Kuma wannan kashe wayar inaga yana cikin abinda yafi taimakona, saboda idan ido yana kan allo kunne baya aiki, ƙirƙira kuma aikin kunne ne. Wata dabarar kuma, ka ɗauki kanka a rikodar waya kana kaɗa kod biyu na tsawon mintuna, ka kunna, kayi wasa akai. Ka saka metironom, abin da ke riƙe maka bugu, a bugu 60 a minti tukunna, kada ka yarda da gudu.

Maganar jitar kanta ma dole in taɓa don tana iya sa mutum ya haƙura da koyo ba laifin darasi ba. Tawa ta farko ta hannu ce na saya a kasuwa, tsirkiyoyinta sunyi nisa da itacen wuya sosai, danna F kamar dakan sakwara, sai da na kaita wajen mai gyara ya rage tsayin ya saka siraran tsirkiyoyi sannan na samu sauƙi. In zaka saya ka duba tazarar a firet na 12, idan ta wuce milimita 3 sosai zaka wahala. Lokacin hunturu kuma iska tana busar da itacen, saiti yana yawan kwancewa har wata jitar tana tsagewa, ka riƙa ajiyeta a jakarta nesa da rana, kuma ka saita ta duk sanda ka ɗauka, manhajar GuitarTuna ta isa wannan aikin.

Wa zan ba shawarar ya gwada? Duk wanda yake da jita a ɗaki ya iya kod uku ko huɗu amma ya tsaya a nan baisan me zaiyi dasu ba, ya tafi mataki na biyu kai tsaye ya nemi darasin kod ɗin sus da na yatsu biyu a kafe. Wanda bai taɓa riƙe jita ba ya fara daga farko kada ya tsallake atisayen minti ɗaya. Wanda kuma burinsa salon Agadas ne zalla, darussan zasu bashi hannu da saiti da sikeli, amma salon kansa sai ya zauna da masu yinsa ko yayi ta sauraro yana kwaikwayo. Ni yanzu kod ɗin da ake danne tsirkiyoyi duka da manuni nake fama dasu, inaso in iya kai wannan wasan na Dsus sama can firet na bakwai, kuma idan akwai wanda ya riga ya wuce nan inason jin yadda yayi da Bm.