Wurin wasan yaran da muka je da Sallah, da bulon da aka jibge a bakin kwari

Tun tsakiyar azumi na yi wa yarana alkawari, duk wanda ya kai azumi 10 zan kai shi wurin wasa da Sallah. Babbar ta yi 22, mai bi mata ya yi 12, auta kuwa na rabin yini yake yi, sai ya haɗa biyu ya ƙirga ɗaya. Ranar uku ga Sallah, ana idar da sallar azahar, muka ɗauki shatar Keke Napep daga Tudun Wada, ni da uwargida da yaran uku da 'yar maƙwabcinmu. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai magana tsakaninsu da hukuma wadda ba a gama ba tukuna. Mutumin Gombe da ya taɓa zuwa zai gane inda nake nufi.

Kuɗin shiga naira 1,000 ne babba, yaro 500, sannan kowane abin hawa da tikitinsa daban, daga 500 zuwa 1,000. Suna karɓar tiransifa, akwai kuma mai POS a bakin ƙofa. Da kuɗin mota da ɗan abin taɓawa, abin da ya fita daga aljihuna ya kusa 20,000. Ga malamin sakandare irina ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma sau ɗaya a shekara ban ji na yi asara ba.

Abin da ya fi kwanta mini a rai inuwa ce. Kowa ya san ranar Gombe a wannan lokacin, tana fitowa kamar za ta dafa mutum. Wanda ya kafa wurin nan ya yi hankali, bai sare itatuwan darbejiyar da ya tarar ba. Na ƙirga manya 14, an zagaye gindinsu da dakalin siminti, iyaye mata suka shimfiɗa darduma suna kallon yara daga nesa. Lilo akwai kala uku, akwai dawakan ƙarfe masu juyawa, da gidan balan-balan da ake hura wa iska yara su yi ta tsalle a ciki, da ƙaramin jirgin ƙasa mai taragu huɗu da ke zagaya filin. Wannan jirgin shi ya tafi da hankalin auta. Sau uku ya hau, kuma duk zagayen da ya zo wucewa sai ya ɗaga mana hannu kamar mai tafiya Legas.

Motocin karo su ne wajen rububi. Takwas ne, biyu a kashe. Mun tsaya layi ya fi minti 40, don hawan minti biyar. Saurayin da ke kula da su ya burge ni: kafin ya kunna wuta sai ya bi mota ɗaya-ɗaya ya ja bel ɗin kowane yaro ya tabbatar ya kama. Wani Alhaji ya so a saka ɗansa ɗan shekara uku shi kaɗai, saurayin ya ce masa cikin ladabi, "Baba, ka yi haƙuri, sai dai yayarsa ta zauna da shi." Alhaji ya yi faɗa, saurayin bai sauya magana ba. Da ma'aikata irin wannan ne uba yake iya sakin jiki.

Akwai masallaci ƙarami mai tsabta, da wurin mata a keɓe, da butoci isassu. Banɗaki kuwa sai haƙuri. Ƙofa huɗu kacal ga wannan taron, kuma kafin la'asar ruwan tanki ya ƙare, sai da mai kura ya kawo jarkoki. Abinci ba laifi: awara mai zafi da yaji, gugguru, zoɓo mai sanyi sosai. Shawarmarsu ba ta kai kuɗinta ba. Janareta na kusa da wurin cin abinci, hayaƙinsa da ƙararsa duk a kanka.

Babbar damuwa ita ce cunkoso. Zuwa ƙarfe biyar ba masaka tsinke. Ƙofa ɗaya ce, ita ce ta shiga ita ce ta fita. Motoci da babura sun cinye rabin titi, sun toshe ƙofar gidajen mutanen layin, har na ga wata dattijuwa tsaye a bakin zaurenta tana jiran a matsar da wata mota ta samu ta fita. Na riƙe hannun auta gam, zuciyata tana raya mini, da wuta za ta tashi a wurin janaretan nan, ta ina mutum ɗari bakwai ko dubu za su fita? Saboda haka da na ga ƙaton allon da suka kafa mai hoton yadda wurin zai koma nan gaba, na ji daɗi. An zana wurin ninƙaya, da babban lilo mai kamar ƙafar keke da zai ɗaga mutum sama ya hango gari, da ɗakin taron biki, da filin ajiye motoci. Wurin yana bukatar faɗaɗawa, wannan ba a jayayya.

Da na je neman famfo a bayan masallaci sai na ga sauran labarin. An rushe katangar baya, an maye gurbinta da kwanon rufi. Ta kafar kwanon na leƙa: bulo a jibge, yashi tifa biyu, ramin harsashi da aka tona aka bari, da rubutu da jan fenti a jikin ginin da aka fara, cewa a dakatar da aiki. Taku kamar 15 daga ramin, ƙasa ta ƙare. Kwari ne, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, bakinsa yana zubewa, saiwar itatuwa a waje.

Labarin ƙasa nake koyarwa, shekara 16 ke nan, kuma duk shekara sai na zana wa ɗalibaina Gombe a allo. Garin a cikin kwano yake. Ruwa yana gangarowa daga tudun Akko ta yamma, ya ratsa unguwanni ya nufi gabas, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zaizaya. Wanda ya ga ambaliyar watan Agustan 2004 ba ya bukatar allo. Ina saurayi a lokacin, da idona na ga katifu da buhunan hatsi da awaki ruwa yana tafiya da su, gidaje sun zube, an yi asarar rayuka. Kwarin da ya taso ta wajen jami'ar jiha ya bi Malam Inna da Kagarawal sai da aka haɗa da kuɗin Bankin Duniya kafin a ɗaure shi da kankare. Kwari ba ya tsayawa inda ka gan shi bana. Kowace damina yana ƙara ci, in kuma ka matse masa hanya daga sama, sai ya huce a kan na ƙasa.

Na nemi manajan, na same shi a ofis yana ƙirga tikiti. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera. Na ce, "Yallaɓai, na ga an tsayar muku da aiki." Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce filin nasu ne, da takardarsu, sun saya da kuɗinsu, sun yi niyyar su cike bakin kwarin da ƙasa da duwatsu su yi ginin a kai. Ya ce hukuma ta ce sai sun ja baya daga bakin ruwa, sai sun kawo zanen magudana, sai sun nuna inda motoci za su tsaya, sannan ɗakin biki maƙwabta sun kai ƙorafi wajen mai unguwa saboda kiɗan dare. "Malam," in ji shi, "yara 30 nake ba albashi a nan. In aka gama wancan zan ɗauki wasu 30. A ce an hana mutum gini a filinsa?"

Na tausaya masa, har ga Allah. Ya zuba dukiya, bulo yana lalacewa a rana, siminti kullum ƙara tsada yake. A garin da matasa ke zaman kashe wando, mai ba mutum 30 aiki ba abin wulaƙantawa ba ne. Amma a wannan maganar ina bayan hukuma, kuma na faɗa masa haka kafin in tashi.

Mutanenmu da yawa suna ɗauka takardar fili ita ce izinin gini. Abu biyu ne daban. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Takardar shaidar mallaka da ake ba ka, wadda a Gombe yanzu hukumar kula da filaye ta GOGIS ke kula da ita, haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99, kuma an rubuta abin da aka ba ka filin domin shi: gidan zama, ko kasuwanci, ko noma. In za ka sauya, sai ka nemi amincewa. Izinin gini kuwa daga dokar tsara birane yake fitowa. Ta tarayya an yi ta a 1992, a shekarar da aka yi dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli, sannan a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne. Mai fili yana duba iyakar turakunsa ne kawai. Mai tsara gari dole ya duba inda ruwan rufinka zai sauka, da inda motar baƙonka za ta tsaya, da ko dattijuwar nan za ta iya fita daga gidanta ranar Sallah.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Wurin wasan Disneyland da ke garin Anaheim a Amurka, wanda aka buɗe a 1955, duk girmansa bai isa ya gina abin da ya ga dama a filinsa ba. Kamfanin ya gabatar da shirin faɗaɗawa a 2021, ba don ya ƙara sayen fili ba, don a yarje masa ya sa wuraren wasa a inda tsohon tsari ya keɓe wa otal da ajiye motoci. Shekara uku ana zama da mutanen unguwa ana sauraren ƙorafi, sai a 2024 majalisar garin ta amince, bayan kamfanin ya ɗau alkawarin zuba aƙalla dala biliyan 1.9 cikin shekara 10, da ba da dala miliyan 30 don gidaje masu sauƙin kuɗi.

Wanda na fi so in ba manajan labarinsa shi ne wurin wasan Alton Towers a Ingila. Yana cikin karkara kusa da ƙauye, an gindaya musu sharaɗi cewa abin hawansu kada ya zarce tsayin itatuwan wurin. Irin wannan wasan kuwa tsayi yake so. Ba su tsaya kuka ba, sai suka fasa dutse suka tona rami mai zurfi, suka gina jirgin gudunsu mai suna Nemesis a ciki, suka buɗe shi a 1994. Ramin da dokar ta tilasta musu shi ya zama abin da mutane ke zuwa nema, domin jirgin yana wucewa dab da jikin dutse.

Shi ma wannan wurin namu yana da mafita, na gani da idona. Gefen kudu akwai fili a cikin katanga da aka tara tsofaffin ƙarafa da matattun motocin wasa, zai ɗauki babban lilon ba tare da an taɓa darbejiya ko ɗaya ba. Bakin kwarin a bar shi, a shuka masa jema da itatuwa su riƙe ƙasa, a yi masa katanga ta gaske a nesa da gaɓa. Jihar da take yekuwar dashen itatuwa ƙarƙashin shirin Gombe Goes Green (3G), tsiro ba zai yi wuyar samu ba. Ɗakin biki a tsakiyar gidajen mutane ban ga dacewarsa ba, a haƙura da shi. Wurin ninƙaya kuwa, wanda tankinsa bai kai la'asar ba ya fara warware maganar ruwa tukuna. Ruwan garin nan daga Dadin Kowa ake turo shi, kuma unguwanni da yawa da 'yan ga-ruwa suke rayuwa. Kafin duk wannan, a buɗe ƙofa ta biyu, a ƙara banɗaki, a ɗauke janareta daga inda yara ke cin abinci. Waɗannan ba sa bukatar a kusanci kwari.

Su ma masu ba da izini ina roƙonsu abu ɗaya. In an tsayar da mutum, a rubuta masa dalili dalla-dalla, a faɗa masa mita nawa zai ja baya, a sa masa ranar da zai ji amsa. Jan fenti kaɗai ba ya koya wa kowa komai, sai ma ya tura mutane yin gini da daddare.

Zan koma? Zan koma, kuma ina ba iyaye shawara su je. Sai dai kada a je ranakun Sallah in da hali. Asabar ɗin da ba ta biki ba, bayan la'asar, layin motocin karo ba ya wuce minti biyar, haka saurayin nan ya gaya mini. A tafi da ruwan sha daga gida. Mai ƙaramin yaro kuma ya sa masa ido sosai idan aka je wajen masallaci, domin kwanon da aka kare bayan wurin da shi yana da kafar da yaro ɗan shekara biyar zai iya ratsawa, kuma daga nan zuwa bakin kwarin babu abin da zai tare shi. Na nuna wa manajan kafar, ya aika a ɗaure ta da waya a gabana, ya ce bayan Sallah za a kawo mai walda.