Takardun hasashen lambobin loto: me mai saye yake samu da kuɗinsa?

A biranen kudancin Najeriya da na Ghana, da wuya a ga rumfar loto ba a ga mai sayar da takardun hasashe a kusa da ita ba, kuma yanzu sana'ar ta shiga wayar hannu, inda ake biyan kuɗin shiga rukunin WhatsApp ko Telegram domin a karɓi abin da masu ita ke kira lamba mai tabbas. Galibin takardun an yi su ne domin wasan da ake zaro lambobi 5 daga cikin 90, wato irin wanda kamfanin Premier Lotto, da aka fi sani da Baba Ijebu, ke gudanarwa a Najeriya, da kuma wanda hukumar loto ta ƙasar Ghana ke bugawa kowane mako.

Abin da za a yaba wa takardun ba shi da yawa. Jadawalin sakamakon baya da suke bugawa yana fitowa a tsare, da kwanan wata da sunan kowane wasa, kuma farashin takardar bai taka kara ya karya ba. Sai dai wannan sakamako ana rubuta shi kyauta a allon rumfa.

Matsalar tana cikin abin da aka ɗora a kan jadawalin. Masu hasashe suna jan layi daga wata lamba zuwa wata, suna cewa wance tana bin wance, ko kuwa wata ta daɗe ba ta fito ba, saboda haka lokacinta ya yi. Injin da ke juya ƙwallaye ba ya tuna abin da ya fitar jiya, kuma damar kowace lamba ta fito a cikin biyar ɗin 1 ce cikin 18, ko ta fito makon jiya ko ta shekara ba a gan ta ba. Irin wannan ruɗu ne ya cinye dukiyar mutane a gidan cacar Monte Carlo da ke ƙasar Monaco a 1913, lokacin da ƙwallon da ake jefawa a faifan caca mai ramuka ja da baƙi ya faɗa kan baƙi sau 26 a jere, jama'a kuma suna ta zuba kuɗi a kan ja don ganin cewa dole ya zo.

Lissafin da takardun ba sa bugawa shi ne wanda ya fi muhimmanci. Wanda ya zaɓi lambobi biyu yana da dama 1 cikin kusan 400 ta dacewa, alhali abin da ake biya ninki 240 ne na kuɗin da ya sa, wanda ke nufin cewa a duk naira 100 da aka zuba, kimanin naira 60 ce ke komawa hannun 'yan wasa idan tafiya ta yi nisa. A lambobi uku lamarin ya fi muni, domin damar 1 ce cikin 11,748, biyan kuma ninki 2,100 ne. Wannan lissafi shi ne kuma ke bayyana hotunan rasit ɗin nasara da ake yaɗawa a rukunonin: idan mai hasashe ya raba wa mutum 400 lambobi mabambanta, ba abin mamaki ba ne ɗaya ya ci, kuma shi kaɗai za a nuna.

Sashen da ya fi jan hankalin masu saye shi ne na mafarki da kyautata zato, inda ake fassara maciji ko ruwa ko gawa zuwa lambobi, a kuma shawarci ɗan wasa ya sa wa ransa cewa ya riga ya ci, kada ya bari shakka ta kore masa sa'a. A ganina nan ne wayon sana'ar yake, domin idan lamba ta fito an yaba wa takarda, idan kuma ba ta fito ba laifin raunin zuciyar mai saye ne. Masaniyar halayyar ɗan Adam Ellen Langer ta nuna a 1975 cewa waɗanda suka zaɓi tikitinsu na loto da kansu sun nemi farashi mai tsada kafin su sayar da shi fiye da waɗanda aka miƙa musu, duk da cewa damar cinsu ɗaya ce. Ƙarfin zuciya yana amfanar ɗan kasuwa da ɗalibi saboda yana canza ƙoƙarinsu, amma a nan abin da yake canzawa kawai shi ne yawan kuɗin da mutum zai zuba.

Ga mai karatu musulmi, hukuncin caca a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma a kan haka Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024. Ko da an ajiye wannan gefe, ban ga dalilin ba da shawarar sayen takardun ba. Kamfanin loto aƙalla yana ba da rasit kuma yana biya bisa ƙa'idar da ya shelanta, shi kuwa mai hasashe yakan karɓi kuɗinsa tun kafin a juya inji, kuma ba ya mayar da ko kwabo idan lambarsa ta faɗi.